Jarkar Masu Naƙuda

Ranar Laraba da hantsi aka kawo Ya'u direba caji ofis na Batsari, rigarsa a yage, leɓensa a kumbure. Mutanen Wagini huɗu ne suka tuso ƙeyarsa. Na gabansu wani manomi ne mai suna Lado, wanda kallo ɗaya za ka yi masa ka san bai runtsa ba.

Sufeto Jamaluddeen bai daɗe da jingine kekensa a gindin darbejiya ba. Tun da litar fetur ta haura naira dubu ya ajiye babur ya gyara tsohon keken mahaifinsa da ya ɗauko daga Tsaskiya. Ya share gumi, ya ce a zauna.

Lado ya yi bayani a hankali. Da mai ya yi tsada, motocin haya suka rage shiga Wagini. Sai unguwarsu ta yi karo-karo aka sayi fetur jarka guda, aka kulle a wani ɗan ɗaki a zauren mai unguwa. Ba a taɓa shi sai mace ta shiga naƙuda mai wuya, kuma motar Ya'u ce za ta kai ta asibiti.

"Jiya bayan azahar ungozoma ta ce a fita da matata Muhsina," in ji Lado. "Ya'u ya juye man a motarsa a gabana. Muna wuce gonaki motar ta yi tari ta mutu. Da amalanken shanu muka ƙarasa, ana kiran magariba. Ita tana nan da rai. Yaron bai zo da rai ba."

"Allah Ya ba ka haƙuri, Ya sa mai ceto ne."

"Amin. Bakanike ya zuƙe tankin, ya ce fiye da rabi ruwa ne. Wannan mutumin ya sha man, yallaɓai, ya cika mana jarka da ruwan rijiya."

Sufeto ya sa aka shigar da Ya'u bayan kanta. Ya san idan ya bar shi ya koma gari a yau, ba lalle ya kai gobe da haƙoransa ba.

Da mutanen suka tafi ya fito da shi, ya ba shi ruwa.

"Makullin ɗakin jarkar nawa ne?"

"Biyu, ranka ya daɗe. Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin Malam Salmanu, magatakardan ƙungiyar unguwa."

"Wa aka ɗora wa duba man?"

"Ni. Duk Juma'a nake dubawa."

"Yaya kake dubawa?"

"Nakan tsiyaya a kwalba in gani."

Sufeto ya tsare shi da ido. Ya'u ya sunkuyar da kai.

"Gaskiya ba na tsiyayawa. Ɗagawa nake yi in ji nauyi, in buɗe in shinshina. Kullum a cike take, kullum tana warin fetur."

"Dole ta yi. Fetur a sama yake zama, ruwa a ƙasa."

"Yallaɓai, motar nan ita ce abincin gidana. Ko hauka nake zan zuba mata ruwa da hannuna? Shekara goma sha tara ina ɗaukar matan garin nan. Wanda na kai uwarsa asibiti ta haife shi, shi ya fasa min baki jiya."

Wannan maganar ta tsaya wa Sufeto a rai. Motar ofis ta fita sintiri, don haka bayan azahar ya hau kekensa ya kama hanyar Wagini.

Kaka ce, an gama yankan gero, ƙayar tsidau ta bushe ta bazu a gefen hanya. A hanya ya yi ta haɗuwa da masu keke, wani da buhun wake a baya, wani da akuya a kwando. Shekara biyu da suka wuce da ƙarar babura ce za ta cika kunnensa. Yana cikin wannan tunani, ya kusa gari, ya ji tayarsa ta baya ta lotsa.

Ya tura keken har rumfar Baba Daudu mai faci a bakin gari, ya bar shi, ya taka zuwa zauren mai unguwa.

Ƙofar ɗakin lafiya lau, ba a taɓa kwaɗon ba. Yana cikin dubawa sai ga Malam Salmanu ya iso a kan keke, dawowarsa ke nan daga makarantar da yake koyarwa a Batsari. Mutum ne mai tsabta da fara'a, farar shaddarsa ko ƙura babu. Suka gaisa har da tambayar iyali.

"Malam, yaushe rabonka da buɗe ɗakin nan?"

"Tun ranar da aka ajiye jarkar. Ni me zan yi da fetur, yallaɓai? Ni na fara sayar da babur ɗina a unguwar nan. Ni na tara matasa na ce musu keke lafiya ce, kuma ba ya shan komai sai ƙarfinka."

"Kullum da shi kake zuwa Batsari?"

"Wata huɗu ke nan, zuwa da dawowa."

Dattawan zauren suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce ai Malam shi ya kawo shawarar jarkar ma. Sufeto ya yaba masa, amma idonsa na kan keken. Tayoyin har yanzu da 'yan gashin robar da sabuwar taya kan zo da su.

Ya koma rumfar Baba Daudu ya tarar da shi yana tsoma tif a kwanon ruwa.

"Huda uku, ɗan sanda," in ji tsohon. "Kai da ido kake tuƙi ko da ƙeya?"

"Da ƙarfin hali, Baba. Hanyarku ce ba ta son baƙo."

"Ba ta son ɗan gari ma. Shekara goma ina zaune ina korar ƙuda, babura sun kashe min sana'a. Yanzu ko salla sai na roƙi mutane su jira. Duk mai bin hanyar nan da kaka, in ya yi mako bai zo wurina ba, to a kansa ya ɗauki keken."

"Malam Salmanu fa?"

Baba Daudu ya tsaya da gugar tif ɗin.

"Ka ga kuwa, tun da ya sayi keken na ɗaure masa sarƙa, ko iska bai zo sha ba. Na ce ko malamai wata addu'a gare su."

Sufeto ya kwana a gidan mai unguwa. Da aka idar da sallar asuba ya ga Salmanu ya fito ya hau keke, yana amsa gaisuwar mutane. Ya ba shi rata, sannan ya bi sawun taya a kan yashi.

Sawun bai yi nisa a kan hanya ba. Bayan gonaki na farko ya karkata hagu ya bi burtalin shanu, ya tsaya a wata bukkar kara. Sufeto ya ajiye kekensa ya ƙarasa da ƙafa.

Salmanu na durƙushe yana yaye buhuna daga kan wani jan babur. A gefe ga guntun tiyo, ga mazurari, ga galan ƙarami.

"Malam, ashe wanda ya sayi babur ɗin a gonarka yake ajiye shi."

Salmanu bai yi yunƙurin gudu ba. Ya zauna a ƙasa da farar shaddarsa.

"Na gwada, yallaɓai. Wallahi na gwada. Mako guda na yi ina zuwa da keke. Gwiwata ta kumbura, na makara sau uku, shugaban makaranta ya ce in na ƙara a bakin aikina. To na riga na tsaya a gaban matasa na ce na sayar da babur. Da wane ido zan fito da shi? Sai na kawo shi nan, ina bin burtali don kada a gan ni."

"Jarkar fa?"

"Idan albashi ya ƙare kafin wata ya ƙare. Kwalba ɗaya na fara ɗiba, na zuba ruwa don kada Ya'u ya ji nauyi ya ragu. Na ce in an biya mu zan zubar da ruwan in mayar. Aka biya mu, na je gidan mai, kuɗin ya ƙaru. Wata na biyu ma haka. Na lissafa matan unguwa masu ciki. Na ɗauka Muhsina sai wata mai zuwa."

"Da ake dukan Ya'u kana ina?"

"Ina tsaye. Ni na ce a kai shi wurinku kada a kashe shi."

Sufeto ya daɗe yana kallon galan ɗin. Ya sha kama ɓarayin shanu da na buhuna, bai taɓa jin nauyin kama mutum irin na yau ba. Shi ma akwai safiyar da gwiwarsa kan ce masa ya haƙura da keken nan. Amma ya tuna leɓen Ya'u.

"Tashi. A gaban mutane aka ɓata sunansa, a gabansu za ka wanke shi."

A zauren mai unguwa Salmanu ya maimaita komai, kansa a ƙasa. Babu wanda ya ɗaga masa hannu. Dattijon da ya yabe shi jiya ya cire hularsa ya riƙe a cinya. Sufeto ya buga wa saje waya ya ce a saki Ya'u, a ba shi haƙuri, a ce ya jira su.

Lado ya miƙe. "Zan bi ku, yallaɓai. Zan duba Muhsina. Kuma ni na fara kai wa Ya'u mari, ina so in same shi kafin ya bar ofishinku."

Ranar babu motar da za ta fita daga Wagini. Sufeto ya taɓa ankwa a aljihunsa, ya bar ta a can, tunda mai ankwa ba ya riƙe kan keke.

Suka fita su uku, Salmanu a gaba, Sufeto a tsakiya, Lado a baya. Suka wuce rumfar Baba Daudu, ya bi su da kallo bai yi ba'a ba. Suka wuce inda burtali ya rabu da hanya. Daga nan Salmanu ya fara haki, shaddarsa ta manne a bayansa.

Can gaba, inda tsidau ya fi yawa, tayarsa ta gaba ta yi tsaki ta kwanta. Ya sauka.

Lado ya tsaya ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. A gefen hanya akwai wani baƙin tabo a kan yashi, inda bakanike ya zubar da abin da ya zuƙo daga tankin Ya'u. Kusa da shi ga sawun kofaton shanu da na amalanke, sun nufi Batsari.

"Nan ne," in ji Lado.

Salmanu ya dubi tabon, ya dubi doguwar hanyar da ta rage. Bai tambayi kowa famfo ba. Ya kama kan keken ya fara turawa, yana ɗingishi, yana bin sawun amalanken.