Kiran Cin Abinci a Fadamar Tull

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ƙanina Orval ya ce sai na kai shi kabarin Mama. Tunda ya zama kocin ƙwallo a wata babbar makaranta, bai sake taka fadamarmu ta jihar Arkansas a Amurka ba. Ko jana'izarta bai zo ba, wai suna da wasa. Yanzu kuma ya zo da niyyar a tone ta a mayar da ita maƙabartar birni.

"Ka bari sai da safe," na ce. "Ruwa ya taso."

"Haba Yaya Vernell, a dajin nan aka haife ni."

"Shi ya sa kake sanye da farin takalmi?"

Muka bar a-kori-kura a bakin gada, muka shiga daji da ƙafa. Laka tana tsotsar takalmanmu. Ko'ina warin ruɓaɓɓen ganye. Orval sai mita yake yi, wai an bar hanya ta lalace, kamar akwai wanda ya bari ya gyara ta in ba ni ba.

Kwaɗi suna ta kuka. Sai suka yi tsit gaba ɗaya.

Wani ƙamshi ya taso, na soyayyar tarwaɗa da burodin masara. Babu gida ko ɗaya a wajen tun bayan babbar ambaliya.

Daga can tsakiyar itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, murya ta fito.

"Ɗan Kwaɗo! Abinci ya sauka!"

Haka Mama take kiransa yana yaro. Muryarta ce, har da ɗan tarin nan a ƙarshe.

"Kin ji?" ya raɗa.

"Ba ita ba ce. Juyo."

Ya shiga ruwan. Gwiwa. Ƙugu.

Can gaba wata mace tana tsaye ta juya mana baya. Rigarta a bushe take. Ruwan bai motsa a kewayenta ba.

Ta fara waiwayowa.

Ban jira ganin fuskar ba. Na faɗa ruwan, na cafki bel ɗinsa. Wani abu yana jan sa daga ƙasa. Na dafa saiwar wani itace na finciko shi, takalmansa suka tafi. Na sharara masa mari, muka ruga.

Har gada muryar tana bin mu, a hankali, ba fushi.

Washegari ya koma birni. Bai ƙara maganar tone kabari ba. Yanzu duk yamma sai ya buga mini waya ya tambaya ko ruwa ya janye.

Mutanen cocinmu sun ce aljanar fadama ce, wai in gode wa Allah. Na gode. Amma ni na yi jinyar Mama har ta cika, ni na rufe mata ido. Ko mece ce ta ari muryarta, ta gan mu mu biyu a bakin ruwa. Sunana bai fito ba ko sau ɗaya.