Farin Fenti a Bangon Kaka

Nomalanga na tuƙa tuwon masara a gidan gwaggonta a Bulawayo, gwaggon na tsaye a kanta tana zazzaga masifa. Jami'o'i biyu suka ba yarinyar gurbin digiri na biyu a tarihin zane-zane. Ɗaya a Jamus, ɗaya a Pretoria, inda saurayinta Mehluli yake aikin jinya shekara huɗu ke nan. Ranar Juma'a za ta ba da amsa.

Gwaggo MaSibanda ce ta riƙe ta tun rasuwar uwarta, kuma ta riga ta gaya wa matan coci cewa 'yarta za ta Turai.

"Kin dai ji kunya," in ji ta. "Turai na kiran ki, kin tsaya bin mai kwasar kashin marasa lafiya."

Nomalanga ta sauke tuwon. Ta kira Mehluli, ya ce ta je inda karatun ya fi mata, wanda ya jira shekara huɗu biyu ba za su kashe shi ba. Sai ta yi ta kuka.

Bincikenta a kan zanen da kakarta ke yi ne a bangon ɗakinta a ƙauyensu na Matobo, da jar ƙasa da toka da gawayi. Ranar Laraba ta tafi ƙauyen ɗaukar hoto. Ta tarar da bangon fari fat. Ashe gwaggo ta turo masu fenti saboda walimar ban kwana, wai kada baƙi su ga ƙazantar ƙauye. Ko'ina warin fenti. Ta tofar da miyau, ta tsuguna tana hawayen takaici. Abin da za a yi alfahari da shi, shi aka shafe.

Kaka na gindin bishiya tana ɓare gyaɗa.

"Share fuskarki, ke," ta ce. "Ruwan sama ma wanke shi yake yi kowace shekara, bayan girbi in sake. Hannun ne dai ya fara rawa. Jamus ɗin nan, bas na zuwa?"

"Ba ya zuwa, Kaka."

"To."

Ranar Juma'a Nomalanga ta amsa wa Pretoria. Aka fasa walima. Gwaggo ta ɗauke mata wuta wata bakwai, tana faɗa wa kowa sakarya ta rena. Duk Lahadi Mehluli sai ya kira gwaggon ya gaishe ta, ita kuma ta kashe wayar. Bai fasa ba.

Bayan girbi Nomalanga da Mehluli suka zo ƙauyen tare a bas. Kwana uku Mehluli na kankare fenti har tafinsa ya yi kanta, sannan ya ɗebo yumɓu daga rafi. Gwaggo ta zo kallon asarar da aka yi mata. Ta tsaya tana yatsina, tana duban Kaka, uwar da ta haife ta, na jan layin farko da hannu mai rawa, Nomalanga na rubutawa. Can gwaggo ta ja tsaki, ta tuɓe takalmi.

"Matsa, suruki, ko kwaɓi ba ka iya ba."

Ranar ta fara kiran shi da sunan.

Ku yara, ku ji. Da sun rama zagi, da har yau ana gaba. Haƙuri ya ba su karatun, ya ba su juna, ya kuma mayar musu da gwaggo.