Kwanon da Albarka Ya Tsinta a Juji

"Da idona na gan shi, Kubura. Ya duƙa a jujin bayan gidan nan, ya ɗauki kwanon shanki ya cusa a mangala."

Goggo Indo ce ke magana, ƙanwar mahaifin Kubura wadda ta rene ta tun rasuwar innarta. Kubura ta ce ai kwanon ya huje, ita da kanta ta yar da shi. Goggo ta ce nan ma abin tsoron yake. Kwanon da bakin budurwa ya saba da shi, mi namiji zai yi da shi in ba kai wa boka ba?

Albarka, mai neman auren Kubura, ɗan garinsu Gwandu ne, amma a Kalgo yake zaune. Tun da ya baro aikin soja ya kafa rumfa a gefen kasuwa, yana koya wa duk mai so yadda ake raya abin da aka zubar. Gwangwanin madara ya koma fitilar aci-balbal, tsohuwar tayar mota ta koma takalmi. In ya zo ganin gida, sai ya bi juji-juji da jakinsa yana tsince-tsince.

Kubura ta san duk wannan. Amma maganar Goggo ta ƙi fita daga ranta.

Ta tuna farkon zuwansa zance, har dariya suka yi masa ita da ƙawayenta. Ta tuna samarin da ta kora, har da wani mai shanu daga Masama. To yaya aka yi yanzu in ya jima bai zo ba tuwo ba ya wuce mata wuya? Anya wannan son nata ne?

Da yayarta Halima ta haihu a Kalgo, Kubura ta bi 'yan suna a babbar mota. Da hantsi ta sulale zuwa kasuwa, ta laɓe a bayan zanan rumfar.

Mutane ne zaune a ƙasa. Wani masunci yana koyon liƙe butar ƙarfe da darma, wasu tsofaffin mata biyu suna ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, Albarka yana zagayawa yana gyara musu hannu. Zuciyarta ta fara sanyi. Sai ta ɗaga kai.

Ga kwanonta can rataye a sama, shi kaɗai, nesa da tarin gwangwanaye. Ba a liƙe shi ba, ba a yanka shi ba.

Ba ta san lokacin da ta shiga rumfar ba. Albarka ya miƙe da murna, amma da ya ga inda idonta yake sai murmushin ya tsaya. Ya ja ta gefe.

"Mi ka yi da shi, Albarka?"

"Ban yi komi ba. Na ɗauko don in koyar da liƙi, sai na kasa ba kowa. Naki ne..."

"Ka rantse ba a yi mini aiki da shi ba."

Albarka ya sauko da kwanon ya sa mata a hannu. Ya ce ba zai rantse ba, domin in ya rantse gobe za a ce rantsuwar ma boka ne ya koya masa. Ya ce ta tafi da abinta, ta karya duk abin da take jin an ƙulla. Shi kuma ba zai sake taka Gwandu ba sai an yi girbi.

"In son ya tafi, Kuburata, to na yarda ba naki ba ne."

Goggo Indo ta gasa kwanon a wuta ta binne a bayan gari. Ta karɓo rubutu daga wani malami a Kambaza, Kubura ta shanye ba musu. Damina ta sauka, gero ya yi kai, Albarka bai zo ba, bai aiko ba. Kubura ta riƙa sauraron zuciyarta kullum kamar mai jinya, tana jiran ranar da za ta farka ba shi a ciki. Ranar ba ta zo ba. Sai rama.

Goggo ta ce wannan ya nuna asirin mai ƙarfi ne. Mahaifinta, Malam Usman, ya kira ta zaure ya tambaye ta ita mi ta gani.

"Baba, duk abin da aka ba ni na sha. Son da ya rage yanzu, ban da wanda zan ɗora wa sai kaina."

Ranar kasuwa Malam Usman ya tafi Kalgo, ya wuni a rumfar yana kallo. Da ya dawo ya ce wa Goggo a fara shirin biki.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da mutane suka watse, Albarka ya zauna a bakin tabarma ya tambaye ta ko har yanzu tana zarginsa.

Kubura ta ɗan janye mayafi. Hawaye ne a idonta.

"Wani lokaci, in son ya yi mini yawa," ta ce. "Amma na daina neman magani."