Ƙurar Dutse a Ƙirjin Bhanwar

"Kar ka yi kokawa da shi, Bhanwar... Dube ni. Saki iskar a hankali, kamar mai hura shayi."

Leɓɓansa sun yi duhu. Tari ya durƙusar da shi a tsakar gidanmu, a gaban mahaifina, ranar da ya zo neman aurena.

Na riƙe kafaɗarsa ina ƙirga masa, huɗu ciki, takwas waje. Da ƙyar ƙirjin ya lafa.

Babuji, kamar yadda muke kiran mahaifina, bai motsa daga kan tabarmarsa ba. Shekara arba'in yana koyar da pranayama, ilimin sarrafa numfashi, a nan Jodhpur. Kunnensa ya san ƙarar huhun da ya lalace.

"Mridula, ba don yana masassaƙin dutse ba ne," ya ce. "Wannan ƙirjin ba zai kai shekara biyu ba. Ba zan sa miki fararen kayan takaba da hannuna ba."

Bhanwar ya taɓa ƙafafun Babuji don girmamawa, ya fita.

Wata takwas kafin nan likita ya turo shi ajin da nake koyar da numfashi. Ƙurar dutse ta cika masa huhu, irin wadda ba ta fita. Ranar farko ko matakala biyar bai iya hawa ba. Na koya masa toshe ƙofar hanci ɗaya ya shaƙa ta ɗayar, da gunjin nan mai kama da kukan ƙudan zuma. Barci ya dawo masa, fargaba ta ragu, har ya fara tsokana.

"Malama, in kika matso sai ƙirgen ya ɓace min."

"To rufe idonka, sarkin surutu."

Bayan hukuncin Babuji, sati uku bai zo aji ba. Ashe matar yayana, Sarla, wadda ta daɗe tana yi wa ƙanenta kamuna, ta je har gidan su Bhanwar.

"Gaskiya na faɗa masa," ta ce min tana murza gurasar chapati, ko kallona ba ta yi ba. "Tausayinsa kike ji, ba so ba."

Na ajiye kwanon da ke hannuna na fita.

Na same shi kwance a gadon igiya, ya rame, magungunansa a gefe ko buɗe su bai yi ba.

"Ka daina komai ke nan?"

"Numfashin da zan tattala don wa, Mridu?"

"Tausayi ba ya hana mace cin abinci sati uku. Dubi wuyana."

Ya duba. Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne.

"Zan bar ki da wuri, abar ƙaunata..."

"Na sani. Abin da ya rage ɗin nake so, dukkansa. Sha maganinka, ka tashi ka miƙe bayanka."

Da na koma gida na durƙusa gaban Babuji.

"Kai ka koya mana cewa ba da shekaru ake auna rai ba, da numfashi ake aunawa. Ka ce nasa kaɗan ne. Babuji, nawa fa, ka san adadinsa?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Kawo min shi gobe da hudowar rana," ya ce. "Ni zan koya masa. Ke kin cika sassauci."

Ranar aurenmu Bhanwar ya zagaya wuta sau bakwai, bisa al'adarmu, riƙe da hannuna, a hankali, bai tsaya hutawa ba ko sau ɗaya.

Ciwon bai warke ba, ba wanda ya taɓa ce mana zai warke. Amma kowace safiya yana zaune kusa da Babuji, ido rufe, kuma ba ya tsallake magani. Ya ga haihuwar 'yarmu Ketaki, ya ga tafiyarta, ya sassaƙa mata ɗan giwa da itace tunda an raba shi da dutse.

Shekara biyar da wata huɗu muka yi.

Ya cika wata safiya a lokacin sanyi, kansa bisa cinyata, ba tari, ba firgici.

Da za a fita da shi, samari suka matso su ɗauki makara. Babuji, da tsufansa da ciwon gwiwarsa, ya ture su ya sa kafaɗa a gaba.

"Ɗana ne," ya ce.

Har bakin wurin ƙona gawa bai bari kowa ya karɓe shi ba.