Sallamar da Amarya Ba Ta Amsa Ba

Amarya na durƙushe a tsakiyar falonta, tana kallon yayar mijinta tana jujjuya hedifon ɗinta, abin sauraren da ake sawa a kunne, kamar ta kama ɓarawo da kaya a hannu. Surukarta, wadda kowa ke kira Mama, ta ɗosana a bakin kujera, ko ruwan da aka kawo mata ta ƙi kallo.

Laifi dai an yi shi. Mama ta fi minti ashirin a ƙofa cikin rana tana sallama tana ƙwanƙwasawa, sai da Yaya ta zagaya ta leƙo ta taga sannan Amarya ta gan su. Mijinta Injiniya a jirgin ruwa yake aiki, yakan yi wata uku bai taka gida ba. Kafin ya tafi ya sayo hedifon biyu masu tsada, marasa waya, irin na 'yan gem, wato masu wasan bidiyo ta intanet, ɗaya nasa ɗaya nata. Duk ranar hutunsa sukan haɗu a gem suna tseren mota suna hira. Shi kuwa abin nan, in ka sa shi, ko ganga ake bugawa a kanka ba za ka ji ba.

Amarya ta yi wannan bayanin, ta ba da haƙuri har sau uku. Yaya ta ce ƙarya ce, raini ne tsagwaronsa. Ta ce mace da aurenta ta zauna wasan yara, kuma wa ya san da wane ƙato take hira? Wannan maganar ta ƙona Amarya ƙwarai. Amsa ta zo mata har bakin leɓe, mai zafi, ta danne ta hawaye na zuba.

"Haɗa kayanki ki tafi gidanku sai ɗana ya dawo," in ji Mama.

Amarya ta san dangin nan sarai, wadda Mama ta kora ba ta dawowa.

"Zan tafi, Mama. Amma don Allah ki sa shi a kunnenki tukuna — ko na minti ɗaya ne."

Mama ta karɓa don kawai ta ƙure ta. Gem ɗin na kunne, Injiniya na kan layi yana jiran matarsa. Amarya ta gyara mata shi, ta sauke sandar maganar, wato mayik ɗin da ta ɗaga ɗazu don kada mijin ya ji su. Shekara biyu ke nan kunnen Mama ya yi nauyi, in ɗanta ya kira waya sai dai ta riƙa cewa "to, to" ba ta fahimtar rabin zancen.

Sai fuskar tsohuwa ta sauya.

"Auta? Kai ne? Ina jin ka — har numfashinka ina ji!"

Yaya na bayan kujera tana ta zuba, wai kada a bari yarinya ta yi musu wayo. Ta kira Mama, ta sake kira, ta ɗaga murya har maƙwabta na iya ji. Mama ko gezau, tana ta tambayar ɗanta ko yana cin abinci. Sai da Yaya ta dafa kafaɗarta sannan Mama ta zabura ta zare kunne ɗaya.

"Sau biyar ta kira ki, Mama," in ji Amarya cikin ladabi.

Mama ta dubi surukarta. Ta juya ta ce wa Yaya in ta gama ta ja bakinta ta rufe, kuma ta nemi gafarar yarinyar nan kan zancen ƙato tun kafin ƙanenta ya ji. Sannan ta miƙa hannu ta ɗago Amarya.

"Tashi, 'yata, na zalunce ki. Yaushe ne hutunsa na gaba? Ki ajiye mini kujera."

Da Amarya ta rama zagi da zagi, da yanzu tana gidansu da akwatinta. Haƙuri ya tsare mata aurenta. Mai saurin yanke hukunci kuwa, ya fara sa kunnensa inda ɗan'uwansa ya sa nasa.