Alkawarin da Auta Ta Yi wa Kaka

Auta yarinya ce mai saurin ɗaga hannu. Kafin malama ta gama tambaya, hannunta yana sama. Yayanta har tsokanarta yake yi, wai ko barci take yi hannun a ɗage yake.

Wata rana malamar makarantar Lahadi ta ce, "Yara, akwai tsofaffi a unguwarmu da ba sa iya zuwa sujada. Tunda ba sa iya zuwa, mu za mu je wurinsu."

Ranar Asabar suka fita tare. Suka shiga gidan wata tsohuwa da ake kira Kaka, wadda a da tela ce, amma yanzu idanunta sun yi rauni. Ɗakinta ƙarami ne, a share tas. An lulluɓe keken ɗinkinta da zane. Yaran suka yi mata waƙa, ita kuma tana tafi tana dariya.

Malama ta tambaya, "Wa zai riƙa zuwa duk Asabar ya karanta wa Kaka Littafi Mai Tsarki?"

"Ni! Ni, Malama!" in ji Auta.

"Ki yi tunani, Auta. Ba aikin rana ɗaya ba ne."

"Na yi tunani!"

Da farko komai ya tafi daidai. Auta takan zauna a tabarma ta buɗe Zabura.

"Ƙawata, kina gudu da karatu kamar kare ya biyo ki," in ji Kaka. "Bi a hankali, in ji daɗinsa."

In sun gama sai su yi addu'a. Sannan Auta ta zura mata zare a allura, don har yanzu Kaka tana yin faci da hannu, da lalube.

Ana nan sai Baba ya kawo wa yayan Auta keke. Yaya ya ce zai koya mata hawa ranar Asabar. Auta ta ce a ranta, "Mako mai zuwa zan je wurin Kaka." Mako ya zo ya wuce. Wani ma ya zo ya wuce.

A coci Malama ta tambaye ta, "Yaya Kaka?"

"Lafiya lau," in ji Auta, tana kallon takalminta.

Wata yamma Mama ta dawo daga kasuwa, ko kwandonta ba ta ajiye ba ta kira, "Auta, zo nan. Yaushe rabonki da Kaka?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Maƙwabciyarta na gani," in ji Mama. "Kaka ta faɗi a bakin kwata, ta ji ciwo a gwiwa. Kin san ina za ta je? Gidanmu take nema. Da ta ji ki shiru, ta ɗauka ba ki da lafiya. Ta ɗauki sandarta ta fito ta zo ta yi miki addu'a."

Hawaye suka zubo wa Auta.

"Mama, kunya nake ji. Ba zan iya kallonta ba."

Mama ta share mata fuska da gefen zanenta. "Sa takalminki. Tare za mu je."

Suka sami Kaka a kan gado, an ɗaure mata gwiwa da bandeji. Da jin muryar Auta sai ta miƙa hannu ta taɓa goshinta.

"Ƙawata! Jikin da sauƙi?"

"Kaka, lafiyata ƙalau," in ji Auta cikin kuka. "Keke nake koyo. Ki yafe mini."

Kaka ta ce, "To, kin iya?"

"A'a. Faɗuwa nake ta yi."

"Ashe mu biyu ne masu faɗuwa!" Kaka ta tuntsure da dariya, har Mama ma ta dara. Sai ta jawo Auta jikinta. "Na yafe miki. Yesu ya yafe mini abin da ya fi wannan. Amma na yi kewarki, yarinyar nan. Ɗakin ya yi mini shiru."

A hanyar gida Auta ta ce, "Mama, daga yau kullum zan riƙa zuwa, safe da yamma!"

"Kin fara ko?" in ji Mama tana murmushi. "Riƙe Asabar ɗinki kawai. In kin gama wanke kayan makaranta, ki tafi wurin Kaka. Keke ya jira sai kin dawo. In ba za ki samu zuwa ba, ki aika a faɗa mata."

Ranar Lahadi Auta ta gaya wa Malama gaskiya. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta ce daga yanzu yara su riƙa tafiya bibbiyu, in ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya tuna masa.

Ba kowace Asabar Auta ke jin marmarin zuwa ba. Wani lokaci ta gaji, wani lokaci ƙawayenta na kiranta wasa. Duk da haka takan tafi. A hankali abin ya zame mata jiki. Har Yaya ya fara raka ta, yana ɗebo wa Kaka ruwa.

Da gwiwar ta warke, wani dattijon coci ya fara ɗauko Kaka a motarsa duk Lahadi. Ranar farko, Auta ce ta riƙe mata hannu har kujerar gaba. Da aka tada waƙa, muryar Kaka ta fi ta kowa tashi.

Auta ta koyi cewa ƙaunar da Yesu yake so ba ta rana ɗaya ba ce. Yin alkawari abu ne mai sauƙi. Ci gaba da cika shi, ko an gaji, shi ne ƙauna ta gaskiya.