Kifayen da Ba Su da Ado

A can wani gari, an yi wata yarinya wadda kawunta ya ba ta ƙananan kifaye cikin babbar kwalba. Wasu masu jela ja da shuɗi, wasu kuwa toka-toka, ba ado, sai ƙaton ciki.

Kawu ya ce, "Ki riƙe su duka, 'yata, har marasa adon."

Ta ce, "To, Kawu."

Ran nan ƙawayenta suka zo kallo, suka ce, "Waɗannan munanan sun ɓata miki kwalba!" Kunya ta kama ta. Suna fita ta tsame marasa adon, ta watsa wa kaji.

Ta ba masu ado abinci, ta jira 'ya'ya, shiru. Ta sake musu ruwa, ta jira 'ya'ya, shiru. Tsufa ya zo musu. Yau ɗaya ya mutu, gobe ɗaya ya mutu, har saura guda.

Da kawu ya zo, ta tare shi da hawaye. "Kawu, sun ƙi haihuwa."

Ya daɗe yana duban kwalbar, sannan ya ce, "Masu adon nan ai duk maza ne. Ina matan da na ba ki?"

Ta dubi kajin suna tono a tsakar gida.